Muhallin 'Yan Mazan Jiya Waɗanda Suka Rasa Ƙafa ko Hannu

An fara yaƙin basasar Nijeriya a watan Yuli 1967, aka gama shi ran 15 ga Janairu 1970. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a farkon yaƙin, yau ya tasam ma 80. Cikin waɗannan 'yan mazan jiya akwai waɗanda suka komo gida babu ƙafa ko hannu, ga kuma waɗanda suka yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo daga 1990 suna biye da su.

Jos gari ne da ya saba da soja, gama hedkwatar Runduna ta Uku tana barikin Rukuba. Amma tsohon sojan da ya kama haya a tsakiyar gari, wajen Terminus, yakan tarar da gidan da ba a gina dominsa ba: matakala a bakin ƙofa, lambatu a gabanta, makewayi can ƙuryar gida.

Da ƙuruciya mutum yakan jure wannan. Tsufa shi ke sake lissafi. Tafiya da ƙafar roba ta fi tafiya da ƙafa biyu cin ƙarfi, balle in an yanke ta bisa gwiwa. Ƙafar da ta rage ta shekara 50 tana aikin biyu, gwiwarta ta gaji. Kafaɗu ma sun sha sanda. Dungun kuwa yakan rame, har ƙafar robar ta riƙa yin sako-sako. Da dare dole a cire ta a kwanta, saboda haka fita kewayawa cikin duhu ya zama lokacin hatsarin faɗuwa.

Gyaran da ake bukata bai kai yadda jama'a ke zato tsada ba. A ba shi ɗaki a ƙasa, kusa da makewayi. A rushe dokin ƙofa. Faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3, don keken guragu ya wuce. Inda akwai matakala a yi gangare, kowane inci 1 na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. Wanda ya fi haka tsayuwa, ko mai turawa sai ya yi nishi. Masai na tsugunno azaba ne ga mai ƙafa ɗaya, sai a sa na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Wanda ya rasa hannu kuma, mariƙin ƙofa da kan famfo na dannawa sun fi masa na murɗawa.

Jos tana bisa tudu na wajen mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa yakan tayar da ciwon dungu. A toshe kafofin iska, a ƙara bargo, amma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Cikin gida kam, aikin iyali ne da mai gidan haya da magini. In ƙafar roba ta daina zama daidai, a nemi likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sauran koke-koke kuma a kai su reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya mafi kusa.