Aikin jakadanci a Najeriya: Doguwar hanyar da ba kowa ke kai ƙarshenta ba

Idan aka ambaci aikin diflomasiyya, abin da ke zuwa wa matasa da dama a rai shi ne jan fasfo, liyafa da zama a Landan ko Washington. Sai dai mafi yawan aikin rubuta rahoto ne, da jiran umarni daga Abuja, da ɗawainiyar 'yan ƙasa da suka shiga matsala a ƙetare.

An kafa tubalin aikin ne a 1957, kafin samun 'yancin kai, da jami'ai 12 kacal. Daga cikin 'yan Arewa da suka yi fice a farkon zamanin akwai Ciroman Kano Aminu Sanusi, mahaifin Sarki Muhammadu Sanusi II, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ma'aikatar.

A yau Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukar sabbin jami'ai. Mai digiri yakan fara daga mataki na 8, ya samu horo a makarantar koyon aikin jakadanci, sannan ya shafe shekaru a hedkwatar ma'aikatar kafin a tura shi waje. Daga sakatare na uku zai hau zuwa na biyu da na ɗaya, a hankali har manyan muƙamai. Duk inda aka tura shi, bayan 'yan shekaru zai tattara iyali ya dawo gida, yara su sake makaranta.

Nauyin aikin yakan fito fili ne a lokacin tashin hankali. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jami'an jakadanci na cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kwashe ɗaliban Najeriya daga Khartoum a motocin bas zuwa iyakar Masar. A Jidda kuwa, kowace shekara suna fama da alhazan da suka yar da fasfo, ko suka rasu, ko aka tsare.

Ga kuma matsalar kuɗi. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta rage ƙarfin kasafin ofisoshin da ke biyan haya da albashi da kuɗin waje, har ma'aikatar ta amince a 2025 cewa wasunsu na fama da bashi.

Abin da ya fi ci wa ma'aikatan tuwo a ƙwarya shi ne kujerar jakada. Shugaban ƙasa ne ke naɗawa, Majalisar Dattawa ta tantance, kuma kaso mai tsoka na tafiya ga 'yan siyasa. Bayan Shugaba Tinubu ya janye jakadu a Satumban 2023, ofisoshi sun shafe fiye da shekara biyu a hannun muƙaddasai. A aikin da ake ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, irin wannan jinkiri ya isa ya sa jami'i ya koma gida bai taɓa zama jakada ba.