Labarin Tsibirin Fuket da Sunayensa Uku

Ku sani, ya ku malamai da fatake, a kudu maso yammacin ƙasar Siyam, wadda ake kira Tailan yau, akwai tsibiri cikin tekun Andaman, shi ne mafi girman tsibiran ƙasar. Sunansa Fuket, amma ba da wannan suna magabata suka san shi ba.

Asalin arzikinsa kuza ne. Jiragen fatake masu kai da komowa tsakanin Indiya da Sin sukan yada zango a nan. Mutanen Malayu suka kira shi Ujung Salang, wato bakin ƙasar Salang. Da Turawa suka zo neman kuza, harshensu bai iya ba, suka mai da shi Jank Silon, haka suka rubuta cikin taswirorinsu, alhali kuwa ba abin da ya gama shi da tsibirin Silon. Mutanen Siyam kuwa Talang suke cewa, sunan garin da hakimi yake zaune a arewacin tsibirin.

A yaƙin 1785 zuwa 1786 rundunar Bama ta kewaye Talang, ga hakimi bai daɗe da rasuwa ba. Sai matarsa Can da ƙanwarta Muk suka tara jama'a, suka tsare gari wajen wata guda, har maƙiya suka janye. An ce sun sa mata tufafin maza don a zaci mayaƙa sun yi yawa. Sarki Rama na Ɗaya ya ba su sarauta saboda wannan.

Amma Bama suka komo a 1809, a 1810 suka ci Talang, mutane suka watse. Bayan haka Sinawa masu haƙar kuza suka yawaita a kudu, kasuwa ta koma can, hukuma ta bi ta. Garin kudu shi ne Fuket, masana kuwa sun fi rinjayar da cewa daga kalmar Malayu ne, bukit, wato tudu. Sannu a hankali sunansa ya rufe tsibirin duka, Talang ya zama sunan gunduma kawai.

A 1985 kuɗin kuza ya faɗi a duniya, faɗuwar da ta taɓa har mahaƙan Jos. Yanzu baƙi masu yawon buɗe ido su ne kasuwar Fuket. Kuza ya kau, sunan da ya ɗaukaka ya zauna.

Tamat.