Zafin da ke cinye kanola tun tana fure

Kanola, 'yar dangin kabeji da ake matse mai daga 'ya'yanta, shukar sanyi ce. Hankalin manoman Saskatchewan da Alberta a Kanada yakan tashi ne a watan Yuli, sa'ad da gonaki suka yi rawaya da fure. Idan zafin rana ya kai digiri 30 a waɗannan kwanaki, ƙurar fure takan rasa ƙarfi, furen ya kakkaɓe, sai ka ga kara tsirara inda ya kamata kwanso ya jeru. Ganye na nan kore shar, amma amfani ya tafi. A 2021, da zafi da fari suka haɗu a yammacin ƙasar, girbi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Shukar tana da garkuwarta. Cikin ƙwayoyin gadonta akwai wani dangi da masana ke kira Hsf, wanda aikinsa kamar na mai shela ne: da zafi ya taso, sai ya tada wasu ƙwayoyin gadon su ƙera furotin masu riƙe sauran furotin kada su lalace. An ƙirga irinsu 64 a kanola, alhali ƙaramar ciyawar gwaji, Arabidopsis, 21 kawai take da su. Yawan ya samo asali ne daga auren tsirrai biyu da suka haifi kanola shekaru kusan 7,500 da suka wuce, kowanne ya bar mata nasa gadon.

To me ya hana a ƙara musu ƙarfi kawai? Kariya tana cin kuzari. An ga tsirran gwaji da aka bar wasu Hsf ɗinsu a kunne kullum sun jure zafi, amma sun tsumbure. Shi ya sa nake ganin bincike mafi daraja shi ne mai gano waɗanne ne cikin 64 ɗin ke aiki a cikin fure, kuma a wane lokaci, domin masu inganta iri su zaɓe su.

Mai noman tumatir a Kadawa shi ma ya san zubewar fure a bazara, kuma a tumatir aka fara gano dangin Hsf a tsirrai. Manomi, duba kalandarka: kafin irin da ke jure zafi ya iso, daidaita shuka yadda fure ba zai faɗa tsakiyar zafi ba.