Busasshen Ganye Ma Shaida Ne: Yadda Ake Raya Ƙaramar Ma'adanar Tsirran Kurmi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwajin 'yan kimiyya a lokacin karɓar aikin tsirrai ya san abin da ake gani: ganyen darbejiya ko na mangwaro an danne a tsohuwar jarida, an liƙa a kwali, an rubuta suna a ƙasa. Malam ya ba da maki, shi ke nan. Bayan wata biyu ka tarar da tarin a bayan kabad, gara ta gama da shi. Yawancinmu mun ɗauke shi wasan yara. To ba wasa ba ne. Wannan aikin shi ne tushen abin da ake kira habariyom, wato ma'adanar busassun tsirrai, kuma ta hanyarsa ne duniya ta san abin da ke cikin kurmi. Wani malamin Italiya mai suna Luca Ghini ne ya koyar da dabarar tun ƙarni na 16, kuma wasu daga cikin tsirran da ɗalibansa suka busar suna nan har yau.

Idan an ce kurmi, hankalin mutum kan tafi Kuros Riba ko Kongo. Amma akwai shi a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Sunansa Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, a tudun da ya kai mita 1,400 zuwa 1,600 sama da teku. An keɓe shi a matsayin gandun gwamnati a 1969. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin kusan 7 ne kacal, sauran ciyawa ce. A bakin kurmin akwai tashar bincike da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta assasa, kuma a cikinta akwai 'yar ƙaramar ma'adanar tsirrai. Mahaifinta J. D. Chapman ya tattara tsirran yankin tun shekarun 1970.

Za ka ce, me ƙaramar ma'adana za ta tsinana, alhali Ibadan na da babba tun 1942 mai samfuri fiye da 100,000, ta Kew a Ingila kuma na da kusan miliyan 7? Amsar ita ce kusanci. Mai binciken da ya fito daga kurmi da reshe a hannu ba zai hau motar Ibadan don ya san sunansa ba. Yana son ya buɗe kabad a nan take ya kwatanta. Sannan kowane samfuri shaida ne cewa itace kaza yana wuri kaza a rana kaza. Idan wuta ko gatari suka cinye wani gefen kurmin, wannan takardar ce kaɗai za ta faɗi abin da aka rasa.

Aikin farko shi ne adanawa, kuma a kurmi nan wahalar take. Mu nan da iskar hunturu ganye kan bushe da kansa. A can danshi ba ya bari, kwana biyu ya isa ganye ya yi fumfuna ya zube. Don haka ake danne reshe tsakanin jarida da kwali, a ɗaure tam da madauri, a ɗora a kan zafi maras ƙarfi har ya bushe. Idan ana nesa da tasha, a kan jiƙa shi da sinadarin alkohol a ƙulle a leda har a iso gida. Sai dai alkohol na lalata ƙwayoyin gado, shi ya sa ake cire ɗan ganye daban a sa a cikin tsakuwar silika, irin wadda kake tararwa a kwalin sabon takalmi.

Bayan ya bushe, sai a liƙa shi a takarda mai kauri wadda ba ta da asid, mai girman kusan santimita 29 da 42. Daga nan yaƙi ya koma kan ƙwari, musamman ɗan ƙwaron nan mai cin busasshiyar taba. Da can guba ake shafawa, har da mai sinadarin makuri, wadda ke cutar da ma'aikata. Yanzu firiza ake amfani da ita: a ƙulle samfuri a leda, a bar shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na tsawon mako guda, ƙwaron da ƙwansa duk su mutu. Ka ga kenan in an ɗauke wuta kwana uku an koma farko. Shi ya sa sola da kabad mai rufewa ruf suka fi wa ƙaramar ma'adana amfani a kan gini mai kyan gani.

Aiki na biyu shi ne faɗaɗawa, kuma ba wai a yi ta jibgo ganye ba ne. Samfurin da ba shi da fure ko 'ya'ya da wuya a gane shi. Matsalar ita ce manyan itatuwan kurmi furensu na can ƙololuwa, wasu kuma ba kowace shekara suke yi ba. Dole a sa musu alama, a riƙa komawa, wani lokaci sai an nemo gwanin hawa. Abu mafi daraja kuma shi ne takardar bayani: wanda ya tsinko, lambarsa, kwanan wata, ainihin wurin, tsayin itacen, launin fure kafin ya bushe, da sunansa a bakin mutanen wurin, ko da Fulatanci ko da Mambilanci ko da Hausa. Ganye ba bayani, tsinken shara ne kawai.

Ƙa'ida ce kuma a tsinko kwafi uku ko fiye a aika wasu ma'adanu. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, kuma tarihi ya nuna dalili. A daren 1 ga Maris 1943 bama-bamai suka ƙone babbar ma'adanar Balin a Jamus. Cikin abin da ya ƙone har da tsirran da aka kwaso daga Kamaru zamanin mulkin Jamus, mulkin da Mambila kanta ta taɓa zama ƙarƙashinsa. Kwafin da aka aika wasu wurare su suka rage wa masana.

Aiki na uku shi ne sanyawa a kwamfuta. Ana liƙa wa kowace takarda lambar nan mai zane-zane irin ta kayan kanti, a shimfiɗa ta ƙarƙashin kyamara da haske daidai, a ajiye ma'auni da katin launuka a gefe, a ɗauka. Ɗaukar hoton ba ta da wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne kwafe bayanin, musamman rubutun hannu na shekara hamsin, da gano inda “bakin rafi, yamma da ƙauye” yake a taswira. In an gama, ana iya ɗora bayanan a rumbun GBIF na intanet, wanda aka kafa a 2001, kowa ya gani kyauta. Sai dai akwai hattara biyu. Na ɗaya, ba a bayyana ainihin wurin itacen da ake farauta, kamar Prunus africana da ake saɓule wa ɓawo don haɗa maganin mafitsarar maza. Na biyu, hoto ba ya maye gurbin samfuri. Ba za ka iya ciro ƙwayar gado ko ka buɗe fure daga fuskar kwamfuta ba. Kuma rumbun kwamfuta ma na mutuwa, don haka a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Yanzu duba jerin hannayen da aikin ke nema: mai haɗa sola, mai ƙera kabad da na'urar busarwa, mai tsara rumbun bayanai, mai ilimin ɗakin karatu, mai safiyo, mai fasahar ɗakin gwaji. Wane ne babu a harabar nan? Masanin tsirrai zai faɗi suna, amma ko samfurin zai kai shekara ɗari ko gara za ta cinye shi, wannan yana hannun irinmu.

Don haka ɗan'uwa da 'yar'uwa masu neman taken furojet, ga ƙofa. Ba sai kun je Mambila ba tukuna. Ku fara da tarin nan na bayan kabad: ku ware masu bayani, ku kashe ƙwarin, ku ba su lamba, ku ɗau hoto. In kuma za ku danne sabon ganye a zangon nan, don Allah ku rubuta kwanan wata da wurin da kuka tsinko shi.