BABI NA BIYU: TARIHIN KAMFANIN TOYOTA DA YADDA YA YI SUNA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin kawo tarihin kamfanin Toyota na ƙasar Japan, tun daga kafuwarsa har zuwa lokacin da motocinsa suka game duniya. Dalilin yin haka shi ne, ba zai yiwu a fahimci sunaye da kirarin da direbobi da makanikai ke yi wa waɗannan motoci ba, sai an san inda shaharar tasu ta samo asali. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sunan da Toyota ya yi na ƙarko da inganci ya samu ne a hankali, ta hanyar talaucin kayan aiki da asarar da kamfanin ya sha, kuma sunan ya taɓa girgiza a lokacin da aka yi sakaci da tsarin da ya samar da shi.

2.1 Asalin Kamfanin

Tushen Toyota a sana'ar saƙa yake. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a shekarar 1867, ɗan wani kafinta ne, kuma ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙirƙiro injunan saƙa. A shekarar 1924 ya kammala wani injin da ke canja ƙoshiya da kansa ba tare da an dakatar da aiki ba, sa'annan kuma yana tsayawa cak da zarar zare ɗaya ya tsinke. Amfanin wannan dabara shi ne, injin ba ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi, kuma ma'aikaci guda yana iya lura da injuna masu yawa a lokaci ɗaya. A shekarar 1926 ya kafa kamfanin ƙera waɗannan injuna, a 1929 kuma aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila izinin ƙera su a kan fam 100,000.

Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro Toyoda, wanda ya karanci aikin injiniya a Jami'ar Tokyo, shi ne ya karkatar da akalar gidan zuwa ga mota. A wancan zamani kamfanonin Amurka ne suka mamaye kasuwar Japan, domin Ford ya buɗe wurin haɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors kuma ya buɗe nasa a Osaka a 1927. A shekarar 1933 Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin mahaifinsa. Sashen ya fitar da motar ɗaukar kaya mai suna G1 a 1935, da ƙaramar motar shiga mai suna AA a 1936. A ranar 28 ga Agusta, 1937 aka mayar da sashen kamfani mai cin gashin kansa.

Dangane da suna, sunan gidan Toyoda ne, wanda ma'anarsa ita ce gonar shinkafa mai albarka. An sauya shi zuwa Toyota a 1936 saboda ya fi daɗin faɗa, kuma idan aka rubuta shi da wasu haruffan Japananci zane 8 ake yi, lambar da Japanawa ke ɗauka ta sa'a ce. Garin Koromo, inda aka gina babbar masana'antar kamfanin a 1938, shi ma an sauya masa suna zuwa Toyota a shekarar 1959.

2.2 Rikicin 1950

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin abin da kamfanin ya ƙera motocin ɗaukar kaya ne na sojan Japan. Bayan an ci ƙasar da yaƙi a 1945, sai aka shiga ƙarancin ƙarfe da kuɗi da masu saye. Zuwa 1950 kamfanin ya kai gargarar durƙushewa. Bankuna sun yarda su ba shi rance bisa sharaɗin ya rage ma'aikata, ya kuma ware sashen sayarwa ya zama kamfani dabam. Ma'aikata suka shiga yajin aiki da ja-in-ja na kusan wata 2, daga ƙarshe fiye da mutum 2,000 suka bar aiki, shi kuma Kiichiro ya sauka daga shugabanci don ɗaukar alhakin abin da ya faru. Ya rasu a 1952. Sassan biyu da aka raba ba su sake haɗewa ba sai a 1982.

Abin da ya ceci kamfanin shi ne Yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke a watan Yuni na 1950, inda rundunar sojan Amurka ta ba shi kwangilar dubban motocin ɗaukar kaya. A wannan shekara ce kuma Eiji Toyoda, ɗan'uwan Kiichiro, ya ziyarci babbar masana'antar Ford a Amurka. Ya tarar ana fitar da dubban motoci a rana, amma ya lura cewa tsarin yana bukatar jari mai yawa da manyan rumbunan ajiyar kaya, abubuwan da Toyota ba shi da su.

2.3 Tsarin Aikin Toyota

Rashin jari ne ya tilasta wa kamfanin neman wata hanya, kuma injiniyan da ya fi kowa aiki a kanta shi ne Taiichi Ohno. Tsarin da aka gina yana da ginshiƙai guda biyu.

Na farko shi ne kawo kaya a daidai lokacin da ake bukatarsu. Maimakon a ƙera dubban ƙofofi ko tayoyi a jibge, kowane sashe yana karɓar adadin da zai yi aiki da shi ne kawai daga sashen da ke bayansa, ta hanyar wani kati da ake kira kanban. Wannan ya yi kama da yadda mai kanti ke cike gurbin abin da aka saya kaɗai. Da yake babu tarin kaya a ajiye, kuɗi ba sa kwanciya, kuma idan wani sashe ya fara fitar da abu mara kyau, nan da nan ake ganewa.

Na biyu shi ne tsayar da aiki idan an ga aibi, wanda gado ne kai tsaye daga injin saƙar Sakichi. An ba kowane ma'aikaci ikon jan wata igiya da ke saman kansa idan ya ga kuskure. Shugaban rukuninsa zai zo ya duba, in ba a gyara matsalar nan take ba sai layin haɗa motar ya tsaya. A masana'antu da yawa na wancan lokaci, sai an gama haɗa mota ake neman aibinta a gyara. Toyota ya zaɓi ya yi asarar mintoci a kan layi don kada aibi ɗaya ya shiga ɗaruruwan motoci.

Bugu da ƙari, akwai al'adar da suke kira kaizen, wato kyautata aiki kaɗan-kaɗan a kullum, inda ake karɓar shawarwarin ƙananan ma'aikata a yi aiki da su. A shekarar 1965 kamfanin ya sami lambar yabo ta Deming, wadda ake bayarwa a Japan saboda kula da ingancin kaya.

2.4 Shiga Kasuwannin Duniya

Fitar Toyota ta farko zuwa Amurka ba ta yi armashi ba. Ya buɗe ofishin sayarwa a Kalifoniya a 1957, amma a 1958 mota 288 kawai ya sayar. Motar Crown da ya kai an yi ta ne don ƙananan hanyoyin Japan, saboda haka da ta hau manyan titunan Amurka sai ta riƙa zafi da karkarwa, ga rashin ƙarfin gudu. Ala tilas aka janye ta. Kamfanin ya koma ya nazarci hanyoyin da bukatun mutanen, sa'annan ya dawo da Corona a 1965, wadda ta karɓu.

A cikin waɗannan shekaru ne aka fitar da motocin da suka fi ɗaukaka sunan kamfanin. Land Cruiser ta samo asali a 1951, aka raɗa mata wannan suna a 1954. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux kuma a 1968. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai jama'a a Amurka da Turai suka juya ga ƙananan motoci marasa shan mai, abin da ya buɗe wa kamfanonin Japan kasuwa. A 1989 Toyota ya fitar da Lexus don gogayya da motocin alfarma na Jamus, a 1997 kuma ya fitar da Prius mai haɗa fetur da batir. A shekarar 2008 ya zarce General Motors wajen yawan sayar da motoci a duniya. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

2.5 Lokutan da Sunan ya Girgiza

Bunƙasar da kamfanin ya yi cikin sauri ta zo da nata illar. A watan Agusta na 2009 wata Lexus ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego a Amurka, mutum 4 'yan gida ɗaya suka rasu. Bincike ya nuna shimfiɗar ƙafa ce ta danne totur. Daga baya aka gano cewa a wasu motocin totur ɗin kansa yana maƙalewa. Tsakanin 2009 da 2010 kamfanin ya kira motoci sama da miliyan 8 a faɗin duniya don gyara. A watan Fabrairu na 2010 shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya nemi afuwa, ya kuma amsa cewa saurin girma ya sa an yi sakaci. Binciken gwamnatin Amurka na 2011 bai sami matsala a na'urorin lantarkin motocin ba, amma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a da hukuma abin da ya sani.

Har ila yau, a ƙarshen 2023 kamfanin Daihatsu, wanda mallakar Toyota ne, ya dakatar da fitar da motoci bayan an gano an yi shekaru ana maguɗi a gwajin lafiyarsu. A 2024 Toyota kansa ya amsa cewa bai bi ƙa'ida ba wajen gwajin wasu samfuran. Idan aka lura, a duk waɗannan lokuta laifin iri ɗaya ne, wato an ga aibi amma ba a ja igiya ba.

2.6 Toyota a Ƙasar Hausa da Maƙwabta

A arewacin Nijeriya, Peugeot ce ta riƙe hanya tun bayan buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai aka koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, da yawansu ta tashar Kwatano. A nan ne ƙarkon Toyota ya fito fili, domin mai sayen tsohuwar mota abin da yake dubawa shi ne wadda za ta jure ramuka da ƙura da lodi, wadda kayan gyaranta ba sa wuya, kuma makanikin unguwa ya san kanta. Wannan ya sa sunayen wasu samfuran suka shige cikin Hausa, kamar Hayis da Daina da Kosta, har a wasu tashoshin mota akan kira kowace ƙaramar bas Hayis ko da wani kamfani ne ya ƙera ta.

A yankin Sahara kuwa, Hilux da Land Cruiser ne aka fi dogara da su wajen ratsa rairayi, kamar a hanyar Agadas zuwa Libiya. A shekarar 1987 sojojin Chadi sun yi amfani da irin waɗannan motoci, ɗauke da makaman fasa tankoki, suka fatattaki rundunar Libiya a arewacin ƙasarsu, har aka riƙa kiran wannan gumurzu Yaƙin Toyota. Wannan ma wani ɓangare ne na sunan motocin, ko da yake ba shi kamfanin ke alfahari da shi ba, domin juriyar da ta sa manomi da ɗan kasuwa suke son su ita ce ta sa 'yan tawaye ma suke nemansu.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an bibiyi tarihin Toyota daga injin saƙar Sakichi Toyoda zuwa kafuwar kamfanin a 1937, da rikicin 1950, da tsarin aikin da talauci ya haifar. An nuna yadda kamfanin ya faɗi a Amurka a karon farko kafin ya gyara, da yadda sunansa ya taɓu a 2009 da 2023 a lokacin da aka kauce wa ƙa'idar tsayar da aiki idan an ga aibi. An kuma bayyana dalilan da suka sa motocinsa suka sami karɓuwa a ƙasar Hausa. A babi na uku za a kawo sunaye da kirarin da direbobi da makanikai ke yi wa waɗannan motoci, tare da nazarin ma'anarsu.