Zanen gadon haɗe-haɗe: Ribar tana bakin almakashi

Duk shagon telan da mutum ya leƙa bayan Sallah, daga Gidan Sori har Tibiri, daga Agye har Gazawa, ba zai rasa buhu ko kwali cike da ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki ba. Guntayen atamfa ne da shadda da yadi, waɗanda suka rage bayan an yanka riga da zane da ɗankwali. Wasu telolin kan zubar, wasu kan ba yara su yi 'yar tsana, wasu kuma a cusa a matashin kai. Amma akwai matan da ke da keke a cikin gida, waɗanda kan tattara waɗannan ƙyallaye su harhaɗa su, su fitar da zanen gado ko mayafin sanyi ko rigar matashi, su ba dillaliya ta zaga da shi, ko su kai kasuwa ran cinta. Kan wannan sana'a za mu tsaya a yau, musamman kan wani mataki guda da ake yawan tsallakewa, wato datse kowane gutsure ya zo daidai da ɗan'uwansa kafin a haɗa su.

Da farko dai bari mu yi lissafin abin da ke cikin buhun nan, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Mu ɗauki zanen gado mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da santimita 60. Idan za a yi shi da gutsattsari masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 20 tsawo da faɗi bayan ɗinki, ana bukatar guda 10 a tsaye, 8 a kwance, jimla 80 ke nan. Kowanne kuwa sai an yanka shi a kan santimita 22, domin ɗinki zai ci santimita 1 a kowane gefe. Da sabuwar atamfa za a yanka su, faɗinta ba zai ba da fiye da guda 5 a jere ɗaya ba, don haka sai an yi jere 16, wanda ya kama mita 3 da rabi da ɗan ɗoriya, kusan yadi 4 daga cikin yadi 6 na turmi. Ke nan matar da ta haɗa zanen gado ɗaya da ƙyallaye ta tsira da kuɗin kashi biyu cikin uku na turmin atamfa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin Maraɗi, inda yadi ke zuwa daga nesa, wani daga Kantin Kwari ta Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, wani kuma daga tashoshin jiragen ruwa na bakin teku. Duk wanda ke harkar ya san yadda ta kasance lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, wadda Nijeriya ba ta janye tata ba sai a Maris ɗin 2024. Duk lokacin da hanya ta toshe, yadi kan yi wuya, ƙyalle kuma sai darajarsa ta fito.

To amma me ya sa za a ga zannuwan gado biyu, atamfa iri ɗaya, girma ɗaya, a sayi ɗaya nan take, ɗayan kuwa ya yi ta zaga kasuwanni har ya yi ƙura? Idan aka shimfiɗa su a kan tabarma za a ga dalili. Na farko zai kwanta lumui, kusurwoyin gutsattsarin sun haɗu huɗu-huɗu a wuri guda. Na biyun kuwa sai ka ga ya yi tudu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, layukan sun goce wa juna kamar kunyoyin da yaro ya yi a gona. Mai saye ko ba ta san ɗinki ba, idonta zai gaya mata, kuma daga nan take fara karya farashi.

Abin da ke jawo haka ɗan kaɗan ne, shi ya sa ake raina shi. A ce kowane gutsure ya zarce da rabin santimita kawai, abin da bai kai faɗin ƙwayar wake ba. A jeren da ke da guda 10, ƙarin ya zama santimita 5. Idan jeren da ke kusa da shi kuma nasa gutsattsarin sun gaza da rabin santimita, bambancin da ke tsakanin jeren biyu ya kai santimita 10, kusan faɗin tafin hannu. A nan ne mai ɗinki kan shiga jan gajeren tana tattare dogon don bakinsu ya zo ɗaya, kuma wannan jan da tattarewar su ne ke zama tudu da kwari bayan wankin farko. Haka ma faɗin ɗinkin kansa. Duk layin ɗinki ɗaya yadi biyu yake ci, saboda haka idan allura ta shiga ciki da milimita 2 fiye da ƙima, an yi asarar milimita 4 a wurin, a ɗinki 9 da ke cikin jere ɗaya kuwa an haura santimita 3 da rabi.

Maganin abin shi ne ma'auni guda ɗaya tak, wanda za a ɗora a kan kowane gutsure. Mafi yawa kwali ake yankawa, kuma ba laifi don farawa, sai dai kwali yana da ha'inci. Yau da gobe alli da almakashi na cin bakinsa, kusurwoyin su dakushe, kafin a kai gutsure na 80 ya riga ya ragu ba tare da an lura ba. A ganinmu gara a sami abu mai tauri, kamar gefen tsohuwar jarka da aka yanke aka baje, ko a sa kafinta ya fitar da shi a falanki marar kauri. Kafin a amince da shi a gwada shi yadda magina ke gwada harsashin ɗaki, wato a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ma'aunin a karkace yake, kuma duk abin da aka yanka da shi zai gaji karkatar. Ga mai santimita 22, kowane awo zai ba da santimita 31 da ɗan ɗigo.

Kafin ma a zo ga datsa, akwai wanki da guga. Ƙyallayen shago ba daga uwa ɗaya suka fito ba. Wani auduga ne zalla, wanda kan tsuke idan ya sha ruwa, wani na roba ne da ba ya motsi, shadda kuma tana zuwa da sitacinta da ke sa ta tsaya ƙyam har sai an wanke. Idan aka datse su kafin wanki, awon na ranar ne kawai. A wanke su tukuna, a ware masu zuba, domin jan ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata farare goma da ke kewaye da shi. Wajen guga kuma a riƙa ɗora dutsen ana ɗagawa, kada a riƙa jan sa da ƙarfi, don ja yana miƙar da yadi, sai ya huce ya koma yadda yake bayan an riga an yanka.

Sai kuma bin zare. Kowane yadi yana da zaren tsaye da na kwance, kuma ta waɗannan fuskoki biyu ba ya cika miƙewa. Amma a kama shi ta kusurwa a ja, za a ga ya biyo hannu kamar danƙo. Matsalar ƙyallen tela ita ce yawancinsa daga wuyan riga da hammata da gefen siket yake fitowa, a karkace, sai mai yanka ta ga idan ta juya ma'aunin za ta sami gutsure a inda da ba za ta samu ba. Wannan tsimin ba ya haifar da ɗa mai ido. Gutsuren da aka yanka a karkace shi ne zai saki jiki a tsakiyar zanen. Idan ƙyalle bai isa a fitar da cikakken gutsure bisa zare ba, a haɗa shi da wani a ɗinke, a goge, sannan a ɗora ma'auni.

A irin wannan gutsure da aka haɗa daga ƙanana ne aikin datsa ya fi bukatar natsuwa. Gwanaye kan yi shi ya ɗan fi ma'auni girma da gangan, don a sami abin ragewa. Wajen ragewar kuma ba a kwashe rarar duka daga gefe guda, ana ɗan taɓa kowane gefe ne, in ba haka ba adon da ke tsakiya zai koma gefe. Idan ƙyalle biyu masu kusurwa uku aka haɗa, to layin ɗinkin ya fito ta kan kusurwar ma'auni daidai, sama da ƙasa, kafin almakashi ya taɓa shi. Wanda ya gaza kuwa, kada a ce za a ja shi ya kai. A ƙara masa siririn ƙyalle a gefe a sake datsewa, ko a ajiye shi don rigar matashi.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masaƙanmu na da suna saƙa ne siriri-siriri, sannan a jera a ɗinke ya zama zane ko gwado ko luru, kuma idan adon wannan layi bai haɗu da na maƙwabcinsa ba, kowa ya san aikin ɗan koyo ne. A wasu ƙasashen ma haɗa ƙyallaye yana da tarihinsa. A Senegal mabiya Shehu Ibra Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba, an san su da tufafin haɗe-haɗe masu launi iri-iri. A Sudan kuma jibbar mabiya Mahadi ta faro ne a matsayin rigar talaka mai faci, amma bayan kama Khartum a 1885 sai ta koma ana ɗinka ta da faci a jere, na dama daidai da na hagu. A Amurka, inda haɗa bargon ƙyallaye ya zama babbar harka, faɗin ɗinkin da suka saba da shi rubu'in inci ne, wajen milimita 6, kuma tun da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai kewayawa kamar taya a 1979, da ita da rula suke datsa. Mu nan almakashi mai kaifi da alli mai siririn baki sun wadatar, in dai ba za a tara ƙyalle biyar a yanka lokaci guda don sauri ba, domin na ƙasa kullum zamewa yake yi.

Wani zai ce ai akwai matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, waɗanda bargunansu marasa daidaiton layi aka baje kolinsu a gidan tarihi na birnin Houston a 2002, har aka buga hotunansu a kan sarki a 2006. Gaskiya ne. Amma waccan kasuwar masu ratayewa a bango ce. Uwar amarya da ta zo kasuwa neman abin da za a shimfiɗa a gadon 'yarta ranar jere, abin da take so shi ne ya kwanta, ya sauka daidai ta kowane gefe.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba, ko da za ta sosa wa wasu rai. Ƙyalle na mai yadi ne har sai ta yafe. Ɗan guntun da bai kai tafin hannu ba, ba mai tambaya, amma ragowar da ta kai rabin yadi haƙƙin mai ita ce, kuma mun sha jin yadda zumunci ya ɓaci saboda mace ta ga atamfar ankonta a kan gadon wata. Mai haɗa zanen gado ta tambayi telan da ke ba ta ko ya nemi izini, shi ma telan ya saba da tambayar masu kawo ɗinki. Yawanci za su ce a riƙe.

Ga Hajiya mai saro don sayarwa kuma, kada ki karɓi zanen a naɗe. Ki sa a warware, ki ninka shi biyu ki ga ko bakin ya haɗu da baki, ki sake ninkawa ta ɗaya fuskar. Ki duba mahaɗar kusurwoyi a tsakiya, ba a gefe kaɗai ba, don a gefe ake ɓoye gyara da kalmasa. Idan ba a sa masa shafi ba, ki juya bayansa ki ga faɗin ɗinkin, in wani wuri ya yi siriri ƙwarai, nan zai fara farkewa. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan mafi jan gutsuren da ke jiki, ki duba abin da ya biyo shi kafin ki ƙirga kuɗi.