Injin Feshi a Ƙarƙashin Mota: Ribar Zuba Man Giya da Kayan Lambu da Hasararsa

Ƙofar zuba man inji a sama take: ka ɗaga bonet, ka kafa mazurari, ka tuttula. Ta man giya kuwa a gefe aka yi ta, a jikin giyabos ko a tukunyar aksul, can ƙarƙashin mota inda shasi da salansa da tankin mai suka tare hanya. Ƙa'idarsa kuma ita ce a yi ta ɗurawa har sai ya fara dawowa ta bakin ramin. Ke nan ana son mai ya hau sama sannan ya karkata ya shiga ta gefe, ga shi mai ne mai kauri wanda ba ya gaggawa. Wannan matsala ce ta haifi wata dabara da ta bazu tsakanin masu gyaran motocinsu da kansu a Amurka da Ingila da Ostireliya. Mutum ya sayi injin feshin lambu, irin mai tulun roba da ake buga wa iska da hannu, ya cire bakin feshin, ya ɗaura tiyo, ya cika shi da man giya. Wasu ba su tsaya a zubawa ba, a ciki suke ajiye ragowar man har juye na gaba.

Dalilin farko kuɗin aiki ne. A waɗannan ƙasashe da awa ake biyan makanike, saboda haka duk aikin da bai wuce kwance noti biyu ba mai mota yakan so ya yi abinsa a gida. Amma gida babu rami, babu injin ɗaga mota. A kwance yake aiki, fuskarsa dab da ƙarfe, hannu ɗaya riƙe da tiyo kada ya zame, ɗayan yana danna ɗan famfon da ake ɗaura wa bakin kwalba. Famfon nan cokali ɗaya ko biyu yake turawa a kowace dannawa, kafin lita ta ƙare kafaɗa ta yi tsami, kwalbar kuma ta kife aƙalla sau ɗaya. Wanda ya taɓa shaƙar man giya ya san warin farar wutar da ke cikinsa ba ya barin riga da wanki ɗaya.

Masu motocin daji su ne suka fi rungumar abin, kuma da hujjarsu. Mota irin Land Cruiser ko Hilux ko Land Rover wurare huɗu take shan irin wannan mai: giyabos, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, aksul na gaba, da na baya. Kowanne yakan ci daga lita 1 zuwa 3 ko fiye kaɗan. Wanda kuma ke ratsa rafi da mota ba ya jiran lokacin juye ya cika. Aksul mai zafi in ya nutse a ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa, man ya dame ya yi fari-fari, dole a zubar a sake. Sai kuma kamfanonin mota suka ƙara wa dabarar kasuwa ba da niyya ba. Tun daga shekarun 2000 da yawansu suka daina sa sandar auna mai a giyabos mai sarrafa kansa, shi ma ya koma sai ta ƙasa ko ta gefe ake cika shi.

Akwai na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki. Kamfanin Motive Products na Amurka yana sayar da ita, haka Sealey na Ingila. In ka dube ta da kyau, tulun roba ne da famfon iska da tiyo, wato ƙanwar injin feshin lambu ce, sai dai kuɗinta ya ninka nasa. Nan mai mota ke cewa, to me ya sa zan biya ninkin? Tambayar tana da amsa, amma ba a jikin tulun take ba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Famfon ba man yake turawa ba, iska kawai yake cusawa a samansa, iskar ce ke danne man ya bi ta bututun da ke ƙasan tulun ya fita. Galibin irin waɗannan injina ƙarfin iskarsu bai wuce 3 a ma'aunin ba (bar) ba, wato kusan abin da ake bai wa tayar ƙaramar mota ko sama da haka kaɗan, kuma masu kyau suna da bawul da ke saki in an wuce. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne cika tulun fal. Ɗauki mai lita 5, ka zuba mai lita 3, ka bar wa iska lita 2, ka buga ta kai ba 2. Kafin lita 2 ta mai ta fita, iskar ta bazu a ninkin wurinta, ƙarfinta ya faɗo zuwa rabin ba, sai ka fito daga ƙarƙashin mota ka sake bugawa. In ka cika shi har wuya, kofi ɗaya zai tura ya tsaya.

Babbar matsalar ita ce kauri. Don ruwa aka yi injin feshi, shi kuwa man 80W-90 ya fi ruwa kauri sau ɗari da wani abu ko da a zafin digiri 40, a sanyin safiya kuma sau ɗaruruwa. Na 85W-140 da manyan motoci ke sha ya ninka haka. (Lambobin nan suna ruɗar mutane: ma'aunin man giya daban yake da na man inji, giya mai lamba 90 kaurinsa kusan na man inji mai lamba 40 ko 50 ne.) Wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, ya nuna tun a shekarun 1840 cewa in aka ninka faɗin bututu sau biyu, abin da ke gudana a ciki yana ƙaruwa sau 16. Shi ya sa masu dabarar ke jefar da siririn tiyon da injin ya zo da shi. Daga mai faɗin milimita 6 zuwa mai 10, gudun man ya kusa ninkawa sau takwas. Amma in aka bar siririn bututun cikin tulun da makunnin hannu da 'yar ragar tace datti, an yi aikin banza, domin mai ba ya wuce abin da mafi ƙuncin wuri ya ba shi. A ƙasashen sanyi har sukan tsoma jarkar a ruwan zafi kafin su fara.

Inda dabarar ta yi nasara, ribar a fili take. Hannu biyu sun huta, man bai zuba a ƙasa ba, kuma tun daga tulu har cikin aksul bai haɗu da ƙura ba. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba: aikin da ya yi sauƙi shi ake yi a kan kari. Man aksul shi ne man da aka fi mantawa da shi a mota, sai ranar da ta fara kuka a baya ake tunawa.

Tulun kansa ba shi da laifi, domin irin robar da ake yin galan ɗin man mota da ita ce. Laifin yana ga ƙananan zobban roba da ke toshe iska. Iri uku aka fi samu. Mai suna NBR da mai suna Viton suna jure man da aka tato daga fetur. Na ukun, EPDM, gwani ne a ruwa da rana, amma da ya sha mai sai ya kumbura ya yi laushi, kuma injin mai araha ba ya rubuta maka wanne aka sa masa. A ƙasan famfon akwai wata 'yar roba da ba ta fi maɓallin riga girma ba, ita ke hana abin da ke cikin tulu komawa sama. Ran farko lafiya lau. Bayan makonni tana jiƙe a mai sai ta lanƙwashe, ka danna hannun famfo ka ji ya yi nauyi, man ya biyo sandar ya tsarto maka a hannu. Wannan ne bambancin da mai sayen na'urar gaske ya biya wa kuɗi, tare da faffaɗan tiyo da bakunan da suka dace da ramuka daban-daban.

Daga nan ake gane cewa zubawa daban, ajiya daban. Zubawa ta rabin awa ce, ajiya kuwa wata da watanni robar na cikin mai. Masu ƙera injinan da kansu suna rubutawa a takardar bayani cewa a saki iska bayan an gama, kada kuma a bar komai ya kwana a ciki. Tulun da aka bari a matse a rana robarsa tana gajiya, in kuma makunni ya saki da dare, da safe lita uku na malale a ƙasa.

Ana yawan tsoratarwa da cewa iskar da ake bugawa tana shigar da danshi. A ganina an zuzuta wannan. Lita ɗaya ta iska mai cike da laima a zafin digiri 30 ba ta ɗauke da ruwan da ya wuce giram 0.03, ke nan ko lita goma ka cusa, 'yan ɗigo ne. Ruwan da ke ɓarna shi ne wanda aka wanke tulun da shi ya maƙale a tiyo da bututu.

Hasarar da ta fi kowacce tsada kuwa ita ce ta rubutun jikin galan. Da zarar mai ya bar mazubinsa ya rasa sunansa, ido kuma ba ya bambance man giya ajin GL-4 da ajin GL-5. Na biyun yana ɗauke da sinadaran farar wuta da fosfaras masu yawa, saboda haƙoran aksul suna gugar juna da matsi mai tsanani. Waɗannan sinadarai a wasu giyabos na hannu suna cin zobban tagulla da ke daidaita shigar giya, ko su sa su santsi har giya ta riƙa gurzawa. Akasin haka ma ɓarna ce: GL-4 a aksul da ke son GL-5 bai isa ya kare haƙoran ba. In aka zo ga giyabos mai sarrafa kansa, musamman irin CVT, ragowar man giya a tiyo ma ba a son ta. Mafi haɗari shi ne man birki. Robobin birki na yawancin motoci EPDM ne, ɗan man giya kaɗan ya isa ya kumbura su, birki ya ƙi kamawa. Tulun da ya taɓa man giya ya haramta ga birki har abada. Fetur kuwa kada ma a kawo zancensa kusa da tulun roba mai matsattsiyar iska.

Ga masu gareji a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, batun bai yi nisa ba. Injin feshi ya cika shagunan kayan noma, kuma wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko garejojin da ke kewayen Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda ake fama: yaro a kwance a ƙasa, gorar ruwa da aka huda wa murfi aka cusa tiyo, yana matsawa da hannu biyu, oga na tsaye yana cewa, "Ya dawo?" Zafin ƙasarmu yana taimakon dabarar, don mai ya fi gudu a watan Afrilu, rufaffen tulu kuma ya fi buɗaɗɗen gwangwani a ƙurar hunturu.

Sai dai injin da ya fi yawa a hannun manomanmu na goyo ne, mai lita 15 zuwa 20, irin su Jacto da CP15, kuma shi ba iska yake cusawa a tanki ba. Ruwan ne da kansa ke bi ta cikin famfo da ƙananan bawul, man giya kuwa zai shaƙe su. Mai tulu da famfo a ka shi ne ya dace. Sannan araha za ta ja mutum ga tsohon injin da ya dawo daga gona, kuma a nan ne abin ke lalacewa. Maganin ciyawa da na ƙwari suna kama jikin roba da tiyo, da ruwa ake dama su, ruwa kuwa shi ke sa boris tsatsa. Ga hannun yaron da zai yini yana taɓa su. In kuma damina ta faɗi aka mayar da injin gona, ragowar man za ta bi feshi ta sauka a kan ganyen wake ko tumatir.

Hukuncina shi ne dabarar ta cancanci a ɗauka, amma rabinta kawai. A sayi sabon inji wanda bai taɓa ganin magani ba, a nemi mai robar Viton ko NBR, a faɗaɗa hanyar man tun daga cikin tulu, a rubuta sunan mai da lambarsa da fenti a jiki, kowane mai da tulunsa. A fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a tsiyaye aksul sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. In an gama a saki iska, a mayar da ragowar cikin galan ɗinsa a rufe. Garejin da ke juye wa motoci da yawa a mako gara ya haƙura ya sayi na'urar da aka yi don aikin, kuɗinta bai kai na giyabos ɗaya ba.